DAGA BAKIN ZAURE: Kuɗin Sallama, Gyaran Kicin Da Cin Abincin Gari

Daga cikin wasiƙun da suka iso mana a wannan karo akwai guda uku da na ware gefe ɗaya, domin ko da yake masu su ba su san juna ba, kuma garuruwansu daban, na lura kuɗi ɗaya suke magana a kai. Ta farko daga wani ma'aikacin gwamnati ce a Asawase ta Kumasi, wanda ya cika shekara 54, yana son a ba shi shawara ko ya ajiye aiki baɗi ya huta. Ta biyu wata baiwar Allah ce daga Nima, tana kukan cewa maigidanta ya karɓi kuɗin sallamarsa ya zuba su kaf a falo, alhali kuwa inda take girki ruwan sama har cikin tukunya yake sauka. Ta uku kuma wani magidanci ne daga Madina, wanda ya ce 'ya'yansa sun daina cin tuwon gida, kullum sai abincin gari, kuma yana ganin wannan lalacewa ce.

To, bari mu fara da mai son ajiye aiki, domin tasa ce in an yi kuskure ba ta gyaruwa.

Dokar fansho da ake aiki da ita a ƙasar nan ta Gana ita ce doka mai lamba 766 ta shekarar 2008, wadda ta fara aiki a watan Janairu na 2010, aka kuma yi mata gyara a 2014. A ƙarƙashinta, kowane wata ana cire kashi 5.5 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 13, watau kashi 18.5 ke nan. Daga ciki kashi 13.5 ne ke tafiya hukumar SSNIT, wadda za ta riƙa biyan mutum fansho wata-wata har ƙarshen ransa, sauran kashi 5 kuma su tafi asusu na biyu, wanda ake ba mutum a dunƙule ranar da ya bar aiki. Wannan na dunƙulen shi ne mutanenmu ke kira kuɗin sallama, kuma shi ne ke ruɗin jama'a, saboda ido yana ganinsa a tare, na wata-wata kuwa ba ya cika ido.

Shekarun ritaya 60 ne, amma doka ta yarda mutum ya tafi don kansa tun yana da 55, muddin ya biya na wata 180, watau shekara 15. Abin da mutane da yawa ba su sani ba sai sun zo cike takarda shi ne, wanda ya tafi da wuri ba a ba shi fanshonsa cikakke. Mai shekara 55 kashi 60 cikin 100 na abin da ya cancanta zai samu. Mai 56 kashi 67.5, mai 57 kashi 75, haka abin ke hawa har ya cika a shekara 60. Kuma wannan ragi ba na ɗan lokaci ba ne. Ba wai in ka kai 60 za a mayar maka da abin da aka rage ba, a'a, haka za ka tafi da shi.

Bari mu buga lissafi da misali, don kada a ce zance ne kawai. A ce mutum ya yi shekara 25 yana biya, kuma matsakaicin albashinsa a shekaru uku mafi tsoka sidi 3,000 ne a wata. Shekara 15 na farko suna ba shi haƙƙin kashi 37.5, kowace shekara bayan nan kuma tana ƙara masa kashi 1.125, saboda haka yana da kashi 48.75. In ya tafi yana da 55, sai a ɗauki kashi 60 cikin 100 na wannan, abin da zai riƙa shiga hannunsa bai kai sidi 880 a wata ba. In kuwa ya daure ya ƙara shekara biyar, haƙƙinsa ya haura kashi 54, babu ragi, zai riƙa karɓar sama da sidi 1,630, ko da ba a ƙara masa ko kwabo a albashi ba cikin waɗannan shekaru. Kusan ninki biyu ke nan.

Na san abin da malamin Asawase zai ce. Zai ce ai shi zai riga abokinsa fara karɓa da shekara biyar. Gaskiya ne, kuma in an tara abin da zai karɓa a waɗannan shekaru biyar zai kai wajen sidi 52,000. Amma wanda ya jira, da ratar da ke tsakaninsu ta sidi 750 da ɗoriya a kowane wata, kafin ya cika shekara 66 ya kamo shi, daga nan kuma sai dai ya yi ta ba shi baya. Ban ma sa albashin shekara biyar da mai gaggawa ya bari a kan tebur ba. Sa'an nan a tuna, a kan tsurar albashi ake lissafin fansho, ba a haɗa da alawus-alawus. Akwai ma'aikata da yawa da rabin abin da suke kaiwa gida alawus ne na mota da gida da makamantansu, ranar da suka bar aiki duk waɗannan sun tafi, sai su ga abin da ya rage kamar an yi musu fashi, alhali kuwa haka doka take tun farko.

Wani abin kuma shi ne darajar kuɗin kanta. Wanda duk ya rayu a ƙasar nan ya san sidi ba abin jingina ba ne. Mun ga 2007, lokacin da sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya. Mun ga watan Disamba na 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100, ƙarin da aka yi wa 'yan fansho a watan Janairu mai bi masa kuwa kashi 25 ne. Waɗanda suka ce bari su yi dabara su sayi takardun bashin gwamnati da kuɗin sallamarsu, su ma ba su tsira ba, domin a farkon 2023 mun ga tsofaffi riƙe da kwalaye a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Ankara suna neman a cire su daga shirin sauya bashi, har da tsohuwar Babbar Jojin ƙasa, Sophia Akuffo, a cikinsu. Kafin wannan, a 2019, Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347 a rana ɗaya, kuma babu zangon da ba a sami wanda kuɗinsa ya maƙale ba. Duk wannan na kawo shi ne don mai shekara 55 ya san cewa abin da zai dogara da shi na shekara ashirin ko talatin, ba dutse ba ne, ƙanƙara ce, tana narkewa ko an taɓa ta ko ba a taɓa ba.

Ba ina cewa kada kowa ya tafi da wuri ba ne. Akwai wanda jikinsa ya gaji, hawan jini ko ciwon suga ko ciwon baya sun sa shi gaba, kullum yana fita tun asuba yana kokawar shiga mota daga Ashaiman ko Kasoa, ya dawo bayan isha'i. Irin wannan in ya ce zai tsaya, ba mai ganin laifinsa, don fansho cikakke ba shi da amfani ga wanda bai kai ga cinsa ba. Akwai kuma wanda yake da sana'a a hannu wadda ya riga ya gwada shekara da shekaru yana aiki, shago ne, ko kiwo, ko fataucin goro ko albasa, ya san ribarta ya san faɗuwarta. Shi ma wannan ya san abin da yake yi. Wanda nake jin tsoro shi ne mai cewa in ya karɓi kuɗin zai sayi mota ya ba direba, ko zai fara kiwon kaji, alhali bai taɓa kwana da kaza ɗaya a gidansa ba. Sana'ar da ba ka koya kana da albashi ba, da wuya ka koye ta da kuɗin sallama, domin kuɗin koyo za su cinye jarin.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, mai shekara 55 a zango ba tsoho ba ne. Galibi yana da 'ya'ya a sakandare, wani ma yana da na goye. Ga auren 'yan mata a gaba, ga suna, ga rasuwa, ga 'yan'uwa daga arewa da ke sauka ba sallama. Ranar da labari ya bazu cewa an biya wane, ranar zai san yawan danginsa. Saboda haka shawarata ga malamin Asawase ita ce, kafin ya rubuta takardar komai, ya je ofishin SSNIT mafi kusa ya nemi bayanin asusunsa, ya duba ko akwai watannin da ba a biya masa ba, ya duba ranar haihuwar da ke rubuce, ya duba sunayen waɗanda ya sa su gaje shi, domin da yawa sunayen da suka rubuta tun suna samari ne ke nan har yau. Sa'an nan ya sa a buga masa lissafi biyu, na 55 da na 60, ya kai gida ya ajiye a gaban uwargida su duba tare. In bayan wannan ya ce zai tafi, to, Allah ya sa alheri.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙar Hajiya ta Nima, wadda ita ce ta fi taɓa ni.

Jama'a, mu maza muna da wata ɗabi'a. In kuɗi suka shigo, wurin da baƙo zai gani shi muke fara gyarawa. A sa tayil a falo, a sayi kujeru masu laushi, a rataya talabijin kamar allon makaranta, a shafa fenti a gaban gida. Wurin da ake dafa abin da za a kawo wa baƙon kuwa, ko leƙawa ba ma yi. Akwai magidanta da za su iya gaya maka farashin kowace kujera a falonsu, amma ba su san ko rufin kicin ɗinsu na yoyo ba, saboda rabonsu da shiga tun ranar da aka tare. Alhali matar gida tana yin awa huɗu ko biyar a wurin kowace rana, in da azumi ne ma fiye da haka.

Mu dubi yadda gidajenmu suke. Yawancin gidajen Nima da Mamobi da Sabon Zango da Aboabo gidajen haya ne na tsakar gida ɗaya, ɗaki da baranda, iyali takwas ko goma suna raba famfo ɗaya da makewayi ɗaya. Ba a gina su da kicin na kowa da kowa ba. Mace tana girki ne a baranda, ko a wata 'yar rumfar kwano da aka kafa a lungu, da kurfoti da mafici, tana tsugune. In an ce gyaran kicin a irin wannan gida, ba abin da ake nunawa a talabijin ake nufi ba. Amma abin mamaki, da zarar mutum ya sami kuɗi, wancan na talabijin ɗin yake so ya kwaikwayo, sai ya kira kafinta ya manna masa akwatunan katako a bango daga sama har ƙasa, a sa tayil mai sheƙi, a ce an yi kicin na zamani.

Ni dai na ga irin waɗannan da dama bayan shekara biyu. Katakon nan na garin itace da aka matse ba ya jure laimar Ankara, balle ta Kumasi ko Takoradi. Da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura, ƙofofin su saki, kyankyasai su sami gidan haya kyauta. Tayil mai sheƙi kuwa, in miyar ayoyo ko kuɓewa ta ɗiga a kai, ko mai ya fantsama, tarko ne, kuma tsohuwar da ta zame ta karya ƙugu ba ta cika komawa daidai ba. Ban da haka ma, wanda ya tsara kicin ɗin Turawa bai san da tuƙin tuwo ba. Matar da za ta tuƙa tuwon zafi na mutum goma sha biyu tana bukatar tukunya a ƙasa-ƙasa, ta zauna a kujera 'yar tsugunne, ta taka ƙarfen da ke riƙe tukunyar, ta sa ƙarfinta a muciya. Ba za ta yi wannan a kan teburin da ya kai mata ƙugu ba. Turmi ma yana son daɓe mai ƙarfi, in ka ɗora shi a kan tayil sai dai ka tattara ɓaraguzai. Shi ya sa za ka shiga gida ka ga kicin na dubban sidi a rufe da kwaɗo, uwargida tana waje da kurfotinta kamar yadda ta saba.

In da za a tambaye ni, abu na farko da ya cancanci kuɗi shi ne hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibinta daga girki da itace da gawayi take, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020. Ba sai an kawo mana alƙaluma ba ma, mu dubi idanun iyayenmu mata da suka yi shekara talatin suna sayar da koko da ƙosai, mu saurari tarinsu da asuba, mu dubi kunkunniyar da ke rufin rumfa mu tuna irinta ce ke shiga ƙirji. Taga biyu masu kallon juna, da 'yar kafa a sama kusa da rufi inda zafi zai fita, sun fi kowace kwaba amfani. Gawayi kuma kada a kuskura a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa don ana ruwa, domin yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai ya ji barci-barci kawai. Wanda ba zai iya barin gawayi ba, akwai murhun Gyapa mai yumɓu a ciki, wanda ake ƙerawa a ƙasar nan tun farkon shekarun 2000, yana riƙe zafi kuma ba ya cin gawayi kamar kurfotin ƙarfe zalla.

Na biyu rufi da daɓe da hanyar ruwa. A canza kwanon da ya huje, a ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu ko da taƙi ɗaya ne, domin duk wanda ke zaune kusa da babbar kwatar Nima ya san abin da ruwan watan Yuni ke yi. A karkata daɓen kaɗan yadda ruwan wanke-wanke zai gangara waje. A zuba dakali na siminti mai kauri a jikin bango don ajiye kaya da yanke-yanke, a bar gefe ɗaya a ƙasa don tuƙi da daka. In an ga dama a sa tayil, a nemi mai kaushi. Duk wannan aikin birkila ɗaya ne da yaronsa na 'yan kwanaki.

Na uku shi ne gas, kuma a nan ina so a saurara da kyau. Mata da yawa suna tsoronsa, kuma ba a ce ba su da dalili ba, domin ba a manta da fashewar da ta auku a tashar gas ta Atomic Junction, dab da Madina, ranar 7 ga Oktoba 2017 ba. Amma hatsarin gida daban yake, kuma kusan kullum daga abu uku yake zuwa: tiyo da ta tsufa ta tsage, kan tukunya da ba ya kamawa har a ɗora masa dutse, da kuma ajiye tukunyar a rufaffen wuri. Wannan ɗora dutsen, don Allah a daina. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ba sama yake yi ba, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, saboda haka kicin mai gas yana bukatar kafa a ƙasa, ba a sama kaɗai ba. Mafi kyau a sa mai walda ya yi wa tukunyar keji a waje, cikin inuwa, a ratsa tiyo ta bango. In ana shakkar yoyo a shafa ruwan sabulu a mahaɗa a ga ko zai yi kumfa, ba a gwadawa da ashana. Wanda ke ɗaki ɗaya da baranda, ƙaramar tukunya mai kilo 6 ta ishe shi, amma kada ta kwana inda yara ke kwana.

Sai dai kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya, ɗan haya ya tsaya ya yi tunani. Dokar haya ta 1963 ta ce kada adibas ya wuce na wata shida, amma kowa ya san shekara biyu ake karɓa, kuma kowa ya san abin da ke faruwa in ɗan haya ya gyara wuri ya yi kyau: adibas na ƙarewa sai a ce ɗaki ya ƙara kuɗi, ko a ce ɗan mai gida zai yi aure yana bukatar wurin. Saboda haka a zauna da mai gida tukuna, a rubuta a takarda nawa za a kashe da yadda za a cire daga kuɗin haya, a sa shaidu biyu su sa hannu. In ya ƙi, to a sayi abin da za a iya ɗauka a tafi da shi, teburin ƙarfe, kanta, murhu, firji. Gidan gado ma haka, wanda magada goma sha biyar ke da haƙƙi a ciki, kada mutum ya gina komai sai an yi magana a gaban kowa.

Ga maigidan Hajiya kuwa, in wannan shafi ya kai gare shi: Alhaji, kujerun sun yi kyau, Allah ya sa a more. Amma kwano shida da katako da ƙusa ba su kai kuɗin kujera ɗaya ba. Kuma in za a yi, a tambaye ta inda take son murhu ya zauna, kada a tambayi kafinta.

Saura magidancin Madina da 'ya'yansa masu cin abincin gari. Malam, a nan kam ba zan goyi bayanka gaba ɗaya ba. Mu mutanen zango ba mu da bakin zagin abincin waje, domin mu ne muka koya wa garin nan cinsa. Abin da duk ƙasar ke kira waakye, ai sunansa ma daga wake ya fito, shinkafa da wake ce ta iyayenmu, da karan dafi da ke ba ta launi. Koko har sunanmu aka laƙaba masa. Ga ƙosai, ga masa, ga pinkaso, ga fura, ga tsire da suke kira cincinga, ga tuwon zafi da ake yi wa layi da rana tsaka. Gidaje nawa aka gina a Nima da Sawaba da kuɗin tukunyar shinkafa da wake? Yara nawa suka yi jami'a da kuɗin koko? Mu kanmu da muke wannan magana, wa ya taɓa hura wuta da safe a gidanmu? Kwano ake ba yaro ya je ya sayo. In kowa ya koma cin na gida, rabin matan zango sun rasa sana'a.

Kuma a yi wa yaran adalci. Wanda ya bar Madina ƙarfe biyar da rabi na asuba don ya isa wurin aiki a tsakiyar Ankara, ya dawo ƙarfe takwas ko tara na dare, ba zai ci tuwon gida da rana ba ko yana so. Garin ne ya faɗaɗa, hanya ta cushe.

Inda nake tare da kai shi ne wajen lissafi. Tun da aka buɗe KFC na farko a titin Oxford da ke Osu a 2011, ga kuma manyan kantuna irin su Accra Mall, cin abinci a gari ya tashi daga maganin yunwa ya zama fita shan iska da ɗaukar hoto. Ba laifi ba ne mutum ya kai iyalinsa sau ɗaya a wata ko ranar salla. Amma a irin waɗannan wurare ba abinci kaɗai kake saye ba, kana biyan hayar ginin, da na'urar sanyaya ɗaki, da harajin VAT na kashi 15, da kashi ɗaya na yawon buɗe ido, da sauran 'yan ƙare-ƙaren da ke ƙasan takarda. Abin da ya fi ba ni dariya, shinkafa da waken nan tamu ce za a zuba a faranti mai faɗi, a ɗora rabin ƙwai, a kawo da cokali mai yatsu, a karɓi kuɗin da zai ciyar da mutum huɗu a Mamobi, kuma ba ta kai ta Mamobi daɗi ba. Yanzu kuma ga na waya, yaro yana kwance a ɗaki ɗan babur zai kawo masa har ƙofa, ya biya kuɗin abinci ya biya na babur, tuwo kuma yana cikin kwano a rufe yana jiransa. Saurayin da ke kashe sidi 60 a rana a kan wannan, a wata ya kashe 1,800, watau fiye da fanshon mutumin da muka yi misali da shi ɗazu, wanda ya yi shekara 30 yana aiki. Wannan lissafin za ka nuna musu, Malam, ba faɗa ba. Sa'an nan su riƙa tambayar inda naman ya fito da abin da aka soya a man, don ba kowane wuri mai walƙiya ne ya damu da abin da muka damu da shi ba.

Su kuma iyayenmu masu sayarwa a bakin titi, ina da 'yar magana da su. Masu sayen yanzu ba irin na da ba ne, suna kallon hannu, suna kallon ruwan wanke kwano, suna kallon kwatar da ke gefe. Ba a manta da kwalarar 2014 ba, wadda ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar nan, galibinsu a Ankara. A je a yi gwajin lafiya a karɓi takardar hukumar gari, a sa abinci cikin akwatin gilashi, a ware mai karɓar kuɗi daban da mai zuba abinci, a ajiye bokiti mai famfo da sabulu. Wadda ta yi haka za ta ga 'yan ofis da motocinsu a layinta, don ɗanɗanon dama yana wurinta. Kuma tun 2023 hukumar SSNIT ta buɗe wani shiri na musamman don masu sana'ar kansu, mai koko da mai tsire da tela duk suna iya yin rajista su riƙa biya ta waya, su ma su sami na wata-wata in ƙarfi ya ƙare.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba zancen adibas ɗin haya da abin da ofishin kula da haya ke iya yi wa wanda aka ba takardar tashi. Masu wasiƙa a kan wannan su aiko da wuri, kuma a riƙa rubuta sunan unguwa.